Ƙarafa masu guba a kifin teku: Abin da masu saye da sayarwa a Fatakwal, Anaca da Inugu ya kamata su sani

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilun shekarar 2020, mazauna gaɓar Tekun Atilantika a jihohin Delta, Bayelsa, Ribas da Akwa Ibom sun riƙa wayar gari suna tarar da matattun kifaye birjik a kan yashi. Akasarinsu nau'in da ake kira kuroka ne, kifi mai farin nama da tsada a kasuwa. Rahotanni a lokacin sun nuna cewa wasu mutane sun riƙa tsintar waɗanda ba su fara ruɓa ba, suna kyafe su domin ci ko sayarwa, duk da gargaɗin hukumomi.

A watan Mayun shekarar, Hukumar Gano Malalar Mai da Ɗaukar Matakin Gaggawa ta Ƙasa, NOSDRA, ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa ruwa, laka da naman kifayen. Hukumar ta ce ba ta ga alamar cewa ɗanyen mai ne ya kashe su ba, amma ta samu wasu ƙarafa, da suka haɗa da kadmiyum, kuromiyum, tagulla, zink da baƙin ƙarfe, sun zarce ƙa'ida a gaɓar Delta, Bayelsa da Ribas. Ta danganta hakan da dagwalon masana'antu da na gidaje da ke kwarara cikin teku. Wasu ƙungiyoyin kare muhalli ba su gamsu da bayanin ba.

Al'amarin ya wuce, amma ya bar tambayar da ta shafi kowane gida: ta yaya mai saye zai san kifin da ke gabansa lafiyayye ne, alhali ƙarfen da ke cikinsa ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano?

Inda batun ya shafi Hausawan Kudu

Zaman Hausawa a waɗannan birane ya daɗe. An kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da kwal ɗin da aka gano a yankin Inugu, layin dogo ya haɗa biranen biyu a 1916, fatake da mahauta da masu shanu kuma suka bi hanya suka kafa unguwanni. Inugu ma ta taɓa zaɓar ɗan Arewa, Malam Umaru Altine, a matsayin magajin garinta na farko a shekarun 1950. A yau akwai al'ummar Hausawa a Diobu da Oyigbo a Jihar Ribas, da kewayen titin Bida da titin Sakkwato a Anaca, da Asata da Gariki a Inugu.

Waɗannan mutane suna tsakiyar cinikin kifi ta fuska biyu. Su ne ke saukar da kifin banda na Tafkin Chadi, wanda ake lodi daga Baga da Maiduguri zuwa kasuwannin Anaca da Inugu. Motocin da suka kawo shanu, albasa da wake kuma sukan koma Arewa da busasshen jatan lande, kyafaffen kifin teku da manja. A gidajensu, kifin teku ya zama abincin yau da kullum: ɗanye daga kasuwar Creek Road a Fatakwal, na ƙanƙara ko kyafaffe daga kasuwar Ose a Anaca da kasuwar Ogbete a Inugu. Don haka duk kifin da ya shiga waɗannan kasuwanni yana iya ƙarewa a tukunya a Kano, Gusau ko Maraɗi.

Ma'adinai masu amfani, ƙarafa masu cutarwa

Kifin teku na daga cikin abinci mafi gina jiki. Yana ɗauke da sinadarin aidin da ke hana maƙoƙo, ya kuma taimaka wa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Yana da ƙarfen da ke ƙara jini, da zink mai ƙarfafa garkuwar jiki, da siliniyum. Ƙananan kifayen da ake tauna su da ƙayarsu suna ba da kalsiyum mai gina ƙashi. Kifaye masu maiƙo, irin su taitus, shawa da sadin, suna da kitsen omega-3 mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwa.

Jiki na buƙatar waɗannan ma'adinai kaɗan kaɗan, kuma yana da dabarar daidaita su. Akwai wasu huɗu kuwa da ba su da wani amfani da aka sani a jikin ɗan Adam: zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke kira makuri, da dalma, da kadmiyum, da arsanik. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya dukkansu cikin jerin sinadarai 10 da suka fi zama barazana ga lafiyar al'umma.

A cikin huɗun, arsanik ne ya fi sauƙi a kifin teku, domin yawancinsa yana zuwa ne a sigar da jiki ke fitarwa ta fitsari ba tare da wata illa mai yawa ba. Sauran ukun su ne abin lura.

Yadda suke shiga jikin kifi

Ƙarfe ba ya ruɓa. Ganye ko kashin dabba da ya faɗa ruwa zai narke ya ɓace, amma dalmar da ta fito daga tsohon batir ko tsohon fenti takan kwanta cikin laka ta shekara da shekaru. Haka kadmiyum ɗin da ke fitowa daga batura, wasu takin zamani da sharar masana'antu. Tokar tayar da ake ƙonawa wajen babbaka a mayanka, da ta tsoffin kayan lantarki da ake ƙonawa don cire waya, duk ruwan sama na wanke su zuwa magudana, daga nan zuwa rafi.

Zaiba tana da tata hanyar. Idan ta kwanta a ƙarƙashin ruwa, wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin laka sukan juya ta zuwa wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ke maƙalewa a tsokar duk abin da ya ci shi. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙananan kifaye su cinye su, manya kuma su haɗiye ƙanana. A kowane mataki gubar tana ƙara taruwa. Wannan ne ya sa manyan kifaye masu farauta kuma masu tsawon rai, irin su shak, kifi mai takobi, barakuda da manyan tuna, suka fi kowa tara ta. Ƙa'idar ɗaya ce a ruwan daɗi: tsohon giwan ruwa ya fi ƙaramar karfasa tarawa.

Dalma da kadmiyum kuwa sun fi taruwa a hanta, ƙoda, kayan ciki da harzar kifi fiye da tsokarsa. Sun fi yawa kuma a jikin halittun da ke zaune cikin laka ba sa tafiya nesa, kamar kaguwa, kawa da ƙananan dodon koɗin bakin teku da ake sa wa miya a Ribas.

Batun bai tsaya ga Kudu ba. Ƙananan masu haƙar zinariya su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska, a cewar Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, kuma ana wannan sana'a a Zamfara, Neja, Kebbi da Osun. Gulbin Zamfara yana zuba a Gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kogin Kwara, wanda ke ratsa Lakwaja ya wuce ta gaban Anaca kafin ya rarrabu ya faɗa teku. Ruwan da aka wanke ƙasar zinariya a cikinsa da ruwan da masuntan Neja Delta ke jefa koma hanya ɗaya ta haɗa su.

Illar da suke yi

Duniya ta fara fahimtar haɗarin ne daga garin Minamata na ƙasar Japan. A 1956 likitoci suka gano wata baƙuwar cuta a tsakanin iyalan masunta: mutuwar yatsu, tangaɗi wajen tafiya, ƙanƙancewar gani, sarƙewar harshe. Bincike ya tabbatar da cewa kamfanin sinadarai na Chisso ne ke zubar da dagwalo mai zaiba a mashigin tekun da suke kamun kifi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne matan da ba su nuna wata alama ba sun haifi jarirai masu naƙasar ƙwaƙwalwa, domin gubar tana ratsa mahaifa. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka cimma a 2013, wadda ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018.

Dalma ba baƙuwa ba ce ga mutanen Arewa. A 2010 gubarta ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, sakamakon daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Wancan ta ƙura da ƙasa ta shiga, kuma da yawa lokaci guda. Wadda ke zuwa ta abinci takan shigo kaɗan kaɗan, ba suma ba farfaɗiya, sai dai ta rage wa yaro kaifin basira, ta hau da jinin babba. A 2010 kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar WHO da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya, FAO, ya janye ma'aunin da ya sa a baya, yana mai cewa babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa.

Kadmiyum kuwa ƙoda yake nufa, inda yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Yana kuma raunana ƙashi. A lardin Toyama na Japan, manoman da suka ci shinkafar da aka shayar da gurɓataccen ruwan Kogin Jinzu sun yi fama da karayar ƙashi mai tsananin zafi, gwamnati kuma ta amince a 1968 cewa kadmiyum ne sanadi.

Nawa ne ya yi yawa?

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fanni kam ido bai san kima ba, sai na'urar ɗakin gwaji. Ma'aunin abinci na duniya da ake kira Codex ya ƙayyade dalma a naman kifi da kada ta wuce miligiram 0.3 a kowane kilo. Tarayyar Turai ta sa iyakar zaiba a miligiram 0.5 a kilo ga yawancin kifaye, da miligiram 1 ga manyan masu farauta. Iyakar kadmiyum a tsokar yawancin kifaye a can ita ce miligiram 0.05.

Ga mai ci, lissafin ya dogara da nauyin jikinsa. Kwamitin WHO da FAO ya ce a mako kada metilmakuri ya wuce maikurogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum. Maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ke nan mace mai nauyin kilo 60 iyakarta maikurogiram 96 ce a mako.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka sun nuna cewa taitus na Arewacin Atilantika yana ɗauke da kimanin miligiram 0.05 a kilo. Idan wannan mace ta ci giram 300 a mako, ta sha maikurogiram 15 kacal. Naman shak kuwa yana kusan miligiram 1 a kilo, don haka yanka ɗaya mai giram 100 ya cinye mata kason mako baki ɗaya. Tazarar da ke tsakanin kifi da kifi ta kai ninki 20, alhali dukkansu daga teku suka fito.

Wannan lissafi ne ya sa ƙwararrun FAO da WHO, a taronsu na 2010 da kuma na 2023, suka tsaya a kan cewa amfanin cin kifi ya rinjayi haɗarinsa ga yawancin mutane. Hukumomin Amurka suna shawartar masu juna biyu da masu shayarwa su ci kifi mai ƙarancin zaiba sau biyu zuwa uku a mako, su guji shak, kifi mai takobi da makamantansu. Taitus, shawa, sadin, karfasa, tarwaɗa da jatan lande duk suna cikin rukunin masu ƙarancin zaiba, matuƙar ruwan da suka fito mai tsafta ne.

Birane uku, yanayi daban-daban

A Fatakwal abin dubawa shi ne ruwan da aka kamo kifin. Birnin yana kewaye da matatar mai, masana'antun sinadarai da na taki, tasoshin jiragen ruwa da unguwar masana'antu ta Trans-Amadi, ga kuma haramtattun matatun mai a cikin kurmi, waɗanda aka danganta da baƙin hayaƙin da ya lulluɓe garin daga ƙarshen 2016. Masu bincike a Jami'ar Fatakwal da Jami'ar Jihar Ribas sun sha auna ƙarafa a kifi da kaguwa daga Kogin Bonny, Kogin New Calabar da mashigin Woji. Sakamakon yakan bambanta daga mashigi zuwa mashigi, daga damina zuwa rani, daga wannan nau'i zuwa wancan. Kifin da aka kamo can tsakiyar teku da kaguwar da aka tono a lakar bayan masana'anta ba hukuncinsu ɗaya ba.

Rahoton UNEP na 2011 kan yankin Ogoni ya ƙara haske. Ya samu sinadarin benzin mai haddasa sankara a ruwan sha na Nisisioken Ogale sama da ninki 900 bisa ma'aunin WHO, ya kuma ce gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Game da kifi, rahoton ya ce babbar ɓarnar ita ce lalacewar kurmin bakin teku inda kifaye ke hayayyafa, abin da ya tilasta wa masunta yin nisa.

A Anaca da Inugu, waɗanda ba su bakin teku, yawancin kifin tekun da ake ci na ƙanƙara ne da aka shigo da shi daga waje ta tasoshin Legas da Fatakwal. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta buƙatar kifi a ƙasar da tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuma ya yi ƙasa sosai da hakan. Kifin ƙanƙara galibi ƙananan nau'i ne daga buɗaɗɗen teku, don haka matsalar ƙarafa ba ta cika yawa a cikinsa ba. Matsalarsa ita ce yankewar sanyi. Taitus ɗin da ya narke aka sake daskarar da shi yakan tara sinadarin histamin, mai sa ƙaiƙayi, jan fuska, ciwon kai da amai jim kaɗan bayan ci, kuma wuta ba ta kashe shi.

Kyafaffen kifi shi ne mafi wuyar sha'ani, domin hayaƙi yana ɓoye asali. Kurokan da aka tsinta a matacce a bakin teku da wanda aka kamo da rai, in sun sha banda, kamarsu ɗaya. A mazhabar Malikiyya da akasarin Musulmin Nijeriya ke bi, mushen kifi halal ne, sai dai malamai sun haɗu a kan cewa bai halatta mutum ya ci abin da zai cutar da shi ba, ko ya sayar wa wani yana ɓoye aibinsa.

Wuta ba ta ƙona ƙarfe

Mutane da dama na ɗauka cewa tafasa ko suya na kawar da kowace irin guba. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma zaiba tana ɗaure ne da tsokar kifin, don haka tana nan bayan dahuwa. Busarwa ma ruwa kawai take cirewa, sai ƙarfen ya ƙara kauri a abin da ya rage.

Abin da ke taimakawa shi ne cire kayan ciki, hanta da harza kafin girki, domin nan dalma da kadmiyum suka fi taruwa. Wajen banda, itace mai tsafta ne ya dace. Katakon da aka shafa wa fenti, roba, leda da taya suna ƙara wa kifin guba. Shanya kifi ko jatan lande a gefen babban titi na sa su kwashi ƙura da hayaƙin motoci. Akwai kuma mummunar ɗabi'ar yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don korar tsutsa, wadda Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta sha gargaɗi a kanta.

Nauyin da ke kan hukumomi

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke sa ido kan abincin da ake shigowa da shi da wanda ake sarrafawa. Sashen kula da kamun kifi na tarayya yanzu yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙiro a 2023. Cibiyar Binciken Teku ta Ƙasa da ke Legas tana nazarin ruwan gishiri, takwararta ta New Bussa kuma tana kula da ruwan daɗi. NOSDRA da Hukumar Tabbatar da Bin Dokokin Muhalli, NESREA, su ke bin diddigin masu gurɓata ruwa.

Giɓin yana a kasuwa. Kifin da ya shigo ta tashar jiragen ruwa yana da takardu da kwali mai ɗauke da sunan ƙasa da kwanan wata. Wanda masunci ya kamo da kwalekwale, matarsa ta kyafe, dillali ya kai Ose ko Ogbete, ba ya bi ta kowane ɗakin gwaji. Gyara na haƙiƙa yana buƙatar a riƙa gwada ruwa da kifi a kai a kai a mashigan da ke kusa da masana'antu, a bayyana sakamakon cikin harsunan da masunta da 'yan kasuwa ke ji, har da Hausa, a kuma hana zubar da dagwalo tun daga tushe.

Abin da ke hannun mai saye da ɗan kasuwa

Magidanci ko uwargida su fifita ƙanana da matsakaitan kifaye a kan manyan masu farauta, musamman idan akwai mai ciki, mai shayarwa ko ƙananan yara a gidan. Su riƙa sauya nau'i da wurin saye, domin wanda ya dogara da kifin mashigi ɗaya kullum shi ya fi fuskantar tarawa idan ruwan ya gurɓace. Jatan landen da ake niƙawa a kunun yaye a saye shi daga mai shanya a wuri mai tsafta, a kuma tsince shi. Kifin da ke warin fetur, kananzir ko magani a bar shi. Idan aka ji labarin mutuwar kifaye a wani yanki, a yi hattara da kyafaffen kifin da farashinsa ya faɗi ba dalili, domin araha ba ta ado.

Dillalai da sarakunan Hausawa a waɗannan birane suna da ta cewa. Ƙungiyar 'yan kifi da ta ɗauki al'adar tambayar kowane kaya daga wane ruwa ya fito, yaushe aka kama shi, da wane itace aka kyafe shi, ta kuma ƙi karɓar na wanda ya kasa amsawa, ta toshe babbar ƙofa. Buhun da aka ƙi lodawa a Anaca ba zai isa kasuwar 'Yankura ta Kano ba, balle ya shiga tukunyar mai jego.